Cikin Ma'u na Shekara Biyar

An haifi Ma'u a Giyawa wajen shekarar 1918, ta yi aure a Goronyo, gidan Atiku, manomin albasa a fadamar Rima. Sana'arta gabu ce. Takan kwashe ganyen albasar da manoma suka yar, ta daka, ta dunƙula, ta shanya, ta kai kasuwa ranar Lahadi. Har yau ban ƙara cin miyar da ta kai ta gabun Ma'u ƙamshi ba. A lokacin ina aiki a ɗakin shan magani na garin, bayan na fito makarantar mishan na yi horon shekara biyu. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu, kuma matata aminiyarta ce, don haka abin da zan faɗa ba ji-ta-ji-ta ba ne.

Shekararsu goma sha biyu da Atiku. Ta yi ɓari sau biyu, ba ta taɓa riƙe ɗa mai rai ba, kuma ba abin da take so a duniya kamar ta goya nata. Da bazarar 1946 sanƙarau ya kama Atiku, kwana uku ya cika. Ma'u ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Saura kwana takwas ta fita, tana wanka, ta ji wani abu mai tauri a ƙasan cibiyarta, bai fi lemo girma ba. Ta aika aka kira Inna Habi, ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin garin.

Habi ta kwantar da ita a tabarma, ta shafa man shanu, ta daddanna, sai ta rangaɗa guɗa.

"Atiku bai tai hakanan ba! Ɗa na, ga kainai nan."

"Inna, wane irin ɗa?" in ji Ma'u. "Ina ganin jinina kowane wata, ko kwana guda bai saɓa ba."

"Ke mi kinka sani? Kwantacce na. Firgicin mutuwa yas sa shi kwantawa. Ranar da Allah ya so, shi tashi."

A ƙasarmu an yarda ciki yana iya kwanciya ya daina girma, ya yi shekaru, sannan ya farka. Malamai kuma sun ba mace har shekara biyar kafin a ce babu. Wannan hukunci rahama ce aka yi wa mata, don kada a jefi wadda ta haihu bayan rabuwa da miji da mugun zato. Amma a kan Ma'u sai ya zama dabaibayi. Mai ciki ba ta fita idda sai ta sauka. Ba za ta yi aure ba, ba a ma isa a kai mata goron neman aure ba.

Abin da na koya, na kuma gani da idona a ɗakin haihuwa, shi ne wannan. Mace tana da ma'ajiyar ƙwai biyu, dama da hagu na mahaifa. Kusan kowane kwana ashirin da takwas ƙwai ɗaya yakan fito, mahaifa kuma ta yi masa shimfiɗa mai jini. In ya haɗu da maniyyin namiji, ya dasu a shimfiɗar, al'ada ta ɗauke, yaro ya yi ta girma har kwana ɗari biyu da tamanin, da ɗan ragi ko ƙari. Ba ya tsayawa ya huta a hanya. In ya tsaya, ya mutu ne. In kuwa ƙwan bai haɗu da komai ba, shimfiɗar ta zube, shi ne jinin al'ada. Macen da ke ganin jininta a kan lokaci wata bayan wata, ba ɗa a cikinta. Abin da Habi ta taɓa tsiro ne na naman mahaifa, wanda muke kira ƙari.

Na je na faɗa wa Maccido haka, wan marigayi, wanda gidan ya koma hannunsa. Ba mugu ba ne. Yana son ƙanensa, kuma tunda Habi ta yi guɗa ya sayi ɗan rago ya ɗaure don suna.

"Malam," ya ce, "kai ka taɓa cikin?"

"Ban taɓa ba. Ba a bari na."

"To Habi ta taɓa. Je ka ba masu gyambo magani."

Aka shiga tayar da cikin. Ba saiwar da ba a jiƙa mata ba, ba rubutun da ba ta sha ba. Aka hana ta daka, wai kada yaro ya jijjigu, sana'ar gabu ta mutu. Abin yana girma a hankali, kowa na murna. Daga lemo ya kai gwanda. Ragon suna ya tsufa aka yi layya da shi, aka sayi wani. Matan bakin rijiya kuwa sun samu abin yi.

"Ma'u, ina maigidan ciki? Bai tashi kwana ba?"

"Wanga da gemu za shi fito, shi wuce wurin biyan haraji!"

"In ya fito, ke za ni ba shi," in ji Ma'u, "tunda naki mijin ma kwantacce na."

Takan mayar musu su yi ta dariya, ta dawo ta zauna wurin matata.

Akwai wani masunci, Isa, mutumin Rabah, da matarsa ta rasu ta bar shi. Kowa ya san yana jiran Ma'u, ita ma ta sani. Shekara biyu yana aiko wa gidan Maccido da kifi ba tare da ya furta komai ba, don furtawa haramun ce.

A farkon 1948 Ma'u ta ce za ta Giyawa gaida dangi. Sai ta hau motar albasa, ta bi ta Wurno har birni, kusan mil sittin a kan buhuna, da wasiƙar da na rubuta mata ɗaure a bakin zane. A asibiti wata likita Baturiya ta duba ta, ta ɗora ƙahon sauraro a cikin, ta daɗe tana nema. Ba bugun zuciya. Ta ce ƙari ne, kuma a yadda yake ana iya yanke shi a bar mahaifa, ta ma iya haihuwa bayan haka. Ma'u ta ce a yi yau. Sai akawu ya kawo takarda ya ce sai miji ko waliyyi ya dangwala yatsa.

"Mijina ya mutu. Ubana ya mutu. Ga nawa yatsan, guda goma."

Aka ce ba haka doka ta ce ba. Mace mai shekara talatin, da ta kawo kanta mil sittin, yatsanta bai isa a kan cikinta ba.

Ta dawo da takardar likita. Na karanta wa Maccido ita kalma bayan kalma. Ya tashi tsaye.

"In sa hannu a yanka ɗan Atiku? Ma'u, mi munka yi miki?"

"Yaya, ba ɗa ciki. Wallahi da akwai, ni za ni riga ku murna."

Aka kai magana gaban alƙali. Ya ce al'amarin ciki shaidar mata ake bi, takarda kuma ba ta rantsuwa. Aka kira Habi. Da a ce ta yarda ta yiwu ta yi kuskure, da magana ta ƙare a ranar. Amma shekara arba'in tana karɓar haihuwa ba wanda ya taɓa ƙaryata hannunta, sai ta ce ta ma ji yana motsi. Da Di'o, Baturen mulki, ya zo rangadi na shigar masa da batun. Ya saurara da kyau, ya rubuta a ɗan littafinsa, ya ce gwamnati ba ta sa baki a al'adun mutane. Mutanen da suka san adadin shanun kowane Bafillace, suka ƙidaya kan kowane baligi, a nan ne suka tuna da kunya. Ni ma da na ga haka na ja bakina, don ina tsoron aikina, kuma wannan yana cikin abin da nake neman gafara a kai.

Isa ya jira har ƙarshen 1948, sannan ya yi aure a Gandi.

Shekara biyar ta cika a 1951. Alƙali ya ce idda ta ƙare. Maccido ya kai ta birni da kansa, ya dangwala yatsa, don a lokacin cikin ya kai na wata tara, jini ya tsotse ta har tafin hannunta ya yi fari, ba ta iya kaiwa rijiya sai ta huta sau biyu. Aka yi mata aiki. Ƙarin ya cinye wuri, ba yadda za a raba shi da mahaifa, aka cire su tare. Nauyinsa laba goma sha ɗaya. Ma'u ta roƙa a nuna wa Maccido, aka kawo masa a cikin tasa. Ya duba, ya fita waje ya zauna a ƙasa.

Ta warke, ta rayu har 1979. Manema sun fito, ta ce a'a. Bayan dawowarta da mako biyu Habi ta zo gaisuwa da ƙwaryar fura, ta tsaya a ƙofar ɗaki tana cewa haka Allah ya ƙaddara. Matata na wurin. Ma'u ta bari ta gama, sannan ta ce, "Inna, Allah ya ba ni mahaifa, kuma ta yi ta gaya muku gaskiya kowane wata har shekara biyar. Ku ne ba ku saurara ba. Aje furar, ki gaida gida."