Lai'atu Mai Ƙosai a Filin Jirgin Kano

Duk wanda ya taɓa bi ta Kafanchan a jirgin ƙasa, in bai san fuskar Lai'atu ba, to ya san muryarta. Shekara ashirin da bakwai tana bin tagogin jirgi da tiren ƙosai a ka, tana "Da zafinsa, da zafinsa!" Ma'aikatan reluwe kan tsokane ta, wai ranar da usur ɗin tasha ya lalace ita za su ɗauka aiki. 'Yar Zangon Kataf ce, aure ya kawo ta gari. Mijin ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Edna, da kaskon suya. Da kaskon nan ta riƙe yarinyar a makaranta har ta zama nas, ta bi mijinta Landan.

Boko kam Lai'atu ba ta yi ba, amma matafiyi ta karance shi tsaf. Mai bargo a kafaɗa, Jos za shi. Mai laima da buhun albasa, Fatakwal. Ita ba ta tambayar kowa inda ya nufa, kuma da alfahari take faɗin haka.

A 1976 Edna ta haihu, ta aiko da tikiti, uwa ta zo ta yi wa jika wanka. Matan Zumunta na cocinsu suka rako ta tasha da waƙa. Surukinta ya haɗo da takarda da Turanci, ya ce ta nuna wa ma'aikatan filin jirgin Kano su kula da ita har ta hau. Lai'atu ta ga takarda mai daraja haka ai ba ta riƙewa a hannu ba ce, ta adana ta can ƙasan akwati, ƙarƙashin acca da citta da daddawa. A Kafanchan kaya da mai shi ba sa rabuwa. A Kano kuwa tana ji tana gani aka auna akwatin, aka manna masa alama, aka yi ciki da shi.

Aka buga mata hatimi a fasfo, aka ba ta wani ɗan kati, aka nuna mata ɗakin jiran masu fita ƙasashen waje. Kujeru masu laushi, fankoki na juyawa, ta gilashi ana hango jirage uku kamar uwa ɗaya ta haife su. Ta ce "Sannunku," jaridu kawai suka motsa. Lasifika kan yi magana ta hanci, ko kalma ɗaya ba ta tsinta ba.  In jirgin nan ya tashi ba ita, wa zai wanke jikan, wa zai gasa wa Edna jiki? Maganin abin dai tambaya ce, amma Lai'atu ta tambayi hanya a tasha? Ai sai a yi mata dariya har Zangon Kataf.

Sai ta koma ga sana'arta ta gane matafiyi da ido. Masu carbi da buta, ta ce waɗannan Jidda. Can ta hango wani mutum da ƙatuwar kwat a hannu, a wannan zafi na Kano. An ce sanyin Landan ya fi na Jos. Ta ce a ranta, "Ga ɗan Landan," ta je ta zauna kusa da shi.

Ya tashi duba agogon bango, ta tashi. Ya je karɓar lemo, ta bi shi. Lasifika ta yi magana, rabin ɗakin ya miƙe ya nufi ƙofa. Mai kwat bai motsa ba, ita ma ta gyara zama. Da ya nufi ban-ɗaki ta raka shi har bakin ƙofa, sai ya juyo.

"Mama, lafiya?"

"Lafiya lau, ɗana. Shiga, ina jiran ka. Ai tafiyarmu ɗaya."

"Ina za ki?"

"Inda za ka mana, Landan."

Ashe Malam Dogara ne, malamin makaranta daga Manchok, kuma Rasha za shi karatu, jirginsu sai la'asar. Ya karɓi katinta ya duba, ya nuna mata ta gilashi. "Mama, ga naki can. Tun ɗazu aka kira ku."

Fasinja na ƙarshe ya riga ya shige, ma'aikata sun fara janye matakala. Dogara ya ruga yana yi wa mai tsaron ƙofa bayani da Turancinsa mai ladabi, irin wanda ko ƙuda ba zai kora ba. Lai'atu ta gyara ɗaurin zani, ta zura kai ta ƙofar, ta cika ƙirji.

"Ku dakata! Da sauran mutum!"

Muryar da ta saba danne kukan jirgin gawayi ce. Masu jan matakala suka tsaya cak, suka waiwayo. Wani dattijo a ɗakin ya sauke jarida ya ce, "Wannan ai mai ƙosan Kafanchan ce." Ɗaki ya ɗauki dariya, har da mai tsaron ƙofar, wanda ya buɗe mata ya ce ta yi sauri.

Kujerar gefen taga ta samu. Ta zauna tana haki tana yi wa Ubangiji godiya. Shekara ashirin da bakwai tana ƙasan taga tana ɗaga kai, yau ga ta a ciki tana leƙen ƙasa. Can bayan gilashi Dogara na kaɗa mata kwat ɗinsa. Daɗi ya kama ta har da ƙwalla. Da ma'aikaciyar jirgin ta zo ɗaura mata bel, Lai'atu ta riƙe hannunta, ta sassauta murya yadda ba wanda zai ji.

"'Yata, tambaya nake. Wannan ɗin dai Landan za shi ko?"