Farantin da Ya Dawo Wayam

Baba Kuku ya ƙarar da ƙuruciyarsa da rabin tsufansa a kicin ɗin wani otal, tsakanin tururi da ƙarar tukwane. Ya shiga yana mai wanke-wanke, ya fita yana shugaban masu girki. Karatunsa bai yi nisa ba, amma Allah Ya hore masa harshe mai rarrabe ɗanɗano kamar yadda alƙali ke rarrabe shaidu. Yana da wata ɗabi'a: idan baƙi sun gama cin abinci ba ya fita neman yabonsu, sai ya tsaya a 'yar tagar da ake miƙo kwanuka, yana duba su ɗaya bayan ɗaya. Yakan ce, "Baki yana ƙarya don kunya, amma faranti ba ya jin kunyar kowa." Ranar da faranti ya dawo da saura kuwa, babu mai ganin haƙorinsa.

Bayan ya ajiye aiki matarsa ta riga shi gidan gaskiya, 'ya'ya suka watse neman abinci. Ana nan sai aka jarrabi ƙaramarsu, wadda yake kira Auta, da ciwon ƙoda. Mijinta direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya, gidan Baba kuma ya fi kusa da asibitin da ake yi mata wankin ƙoda. Saboda haka ta dawo ɗakin da aka haife ta.

Likita ya hana ta gishiri da dunƙulen magi, ya ce ta yi nesa da tumatir da cuku, madara ma sai ɗan kaɗan. Baba ya saurara, ya ce a ransa abin da ya gagari likita ba zai gagari kuku ba. Tun tana yarinya Auta ba ta da abin so kamar taliya mai farin romo, don haka ya ɗaura ɗamara. Ya soya tafarnuwa da albasa a man zaitun har suka yi laushi, ya barbaɗa fulawa, ya dama da ruwan da aka tafasa taliyar, ya tsiyaya kirim ɗin madara ɗan cokali don romon ya kama jiki. Ya yanka jan tattasai siri-siri, ya sa 'yar tsokar kaza, ya ƙare da masoro da lemun tsami. A ido abin sai wanda ya gani.

Farantin ya dawo da fiye da rabi.

"Baba, wallahi ya yi daɗi," in ji Auta, tana murmushin ƙarfin hali. "Cikin ne ba ya karɓa."

"Ke tafi can! Ni za ki yi wa daɗin baki? Farantinki ya riga ki magana."

Haka aka yi ta yi. Ya canza yanka, ya canza wuta, faranti na dawowa da saura, wuyan Auta kuma na ƙara tsawo. Yana tsoron yunwa ta kashe masa 'ya, wannan gaskiya ne. Amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani abu da bai taɓa zama ya yi wa kansa hisabi a kai ba: bai iya jure a ce girkinsa ya dawo.

Wata rana a kanti ya yi ƙorafi, mai kantin ya ɗauko masa wani ɗan gwangwani. "Baba, ai an huta da wannan matsalar. Ga gishirin masu hawan jini, an cire masa abin da ke cutarwa. Surukata ma shi take ci." Baba ya lasa, ya ji gishiri sosai, sai ɗan ɗaci a ƙarshen harshe wanda lemun tsami zai rufe. Bai tambayi likita ba. Ɗalibi ne ke tambaya, shi kuwa ya daɗe da zama malami a wannan fanni.

Ya saya, ya barbaɗa a taliyar. Ranar farantin ya dawo wayam, har an suɗe romon.

"Baba, anya ba gishiri kuka sa ba?" in ji Auta.

"Kuku yana tona asirin tukunyarsa? Ki ci kawai, uwata. Ni zan cuce ki?"

Ya riƙe farantin nan yana juya shi a hasken taga, zuciyarsa fal farin ciki. Kwanaki suka shuɗe yana ƙara hannu, tana ƙara ci.

Wata safiya ta tashi za ta yi alwala ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta. Ta ce ƙirjinta na harbawa ba bisa ƙa'ida ba. A asibiti aka yi ta kai-kawo a kanta har azahar kafin Allah Ya sa numfashinta ya daidaita. Likita ya fito ya tambayi abin da take ci. Baba ya zayyana komai, har ya ciro gwangwanin daga aljihu da alfaharinsa. Likitan ya duba, ya runtse ido.

"Baba, wannan da fotashiyam aka yi shi. Mai lafiyayyar ƙoda yana fitar da shi. Ita tata ba ta iyawa, sai ya taru a jini ya tsayar da zuciya. Saura ƙiris ku rasa ta."

Mijinta ya iso da ƙurar hanya a jikinsa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya durƙusa ya ce, "Baba, Allah Ya saka da alheri, kun yi ɗawainiya. Idan an sallame ta zan kai ta wurin yayata. Ita ba ta iya girki ba, abin da likita ya ce kawai za ta bi."

Baba ya dubi Auta ko za ta ce wani abu. Ta kawar da kai wajen bango tana hawaye, ba ta ce a'a ba.

Niyyarsa kyakkyawa ce, kuma Mai sanin zukata Shi zai yi hukunci a kanta. Sai dai jini bai san niyya ba.

Har yau yana nan a gidan shi kaɗai. Ya daina cin gishiri, alhali babu likitan da ya hana shi. Kullum da hantsi yakan dafa taliyar nan yadda ya fara yin ta, salam babu gishiri, ya zuba a kwano mai murfi ya kai ƙofar gidan yayar surukinsa. Matar takan karɓa da ladabi, ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba." Da la'asar a dawo masa da kwanon, an wanke shi tas. Yakan buɗe ya daɗe yana kallo. Ya san karatun faranti fiye da kowa, ya kuma san bambancin wanda aka cinye da wanda aka juye.