Tiren Inna Saliha

Inna Saliha mutuniyar Banga ce. Ta zo Kaura Namoda jim kaɗan bayan samun 'yancin kai, tare da mijinta wanda yake leburanci a tashar jirgin ƙasa. Da ya rasu, sai ta kama sayar da tuwon dawa, daga baya ta kafa rumfa a ƙofar wata kwaleji, inda mu malaman firamaren unguwar muke zuwa cin abincin rana.

Ba ta da kwanon mutum ɗaya. Tire take zubawa, mutum huɗu a kan kowane, bisa yadda suka iso, ta aza tsokar nama guda a tsakiya. Wanda ya fi shekaru shi yake yanka naman, ya miƙa wa kowa nasa, sannan ya ɗauki abin da ya rage, kamar yadda ake yi a gidajen manoma. Ɗaliban farko da na sani sukan yi gardamar siyasa har tuwo ya huce, amma ban taɓa jin wani ya ambaci iyayen wani ba.

A zamanin jam'iyyu biyu magana ta sauya. Aka bar batun taki da hanyar Shinkafi, aka koma laƙaba wa juna sunaye. Wata Laraba, Hamisu, ɗalibi daga Birnin Tsaba, ya ce wa Jafaru, ɗalibi ɗan garin Katuru, wai mahaifinsa ya sayar da ƙuri'arsa a kan sabulu da gishiri. Jafaru ya miƙe, tire ya kife, miya ta ɓata rigunan mutum uku. Da la'asar wani jami'in kwalejin ya zo ya shaida wa Inna Saliha cewa in aka sake, za a tayar da rumfar.

Maƙwabtanta suka ba ta shawara ta sayi ƙananan kwanoni, ko ta raba benci biyu, kowace jam'iyya da nata. Ta saurare su, ba ta sayi komai ba.

Washegari ɗaliban suka zo ƙungiya biyu, kowace tana neman tirenta dabam. Ta ce ita bisa isowa take zubawa, kuma Hamisu da Jafaru ne suka fara shigowa. Ta ajiye musu tire guda, su biyu kawai, ta aza naman, ta tambayi wanda ya girmi wani. Aka ce Hamisu, da shekara ɗaya.

"To, babba, ga wuƙa," in ji ta. "In ba ka iya rabawa, faɗa mini in ba ƙanenka, shi zama babba yau."

Aka yi 'yar dariya. Suka ci tuwon ba mai kallon wani, har ya ƙare, naman yana nan. Jafaru ba zai kai hannu kafin na gaba da shi ba, domin ba haka aka rene shi ba. Hamisu kuwa ba zai tashi ya bar rabo a wuyansa ba. Ya daɗe yana juya wuƙar, sannan ya yanka, ya tura babban kason gaban Jafaru.

"Maganar Baba, ban kyauta ba," ya ce a hankali.

Jafaru ya ɗauka, ya ce duk da haka jam'iyyar su Hamisu za ta sha ƙasa. Hamisu ya ce a bari ranar zaɓe ta zo. Suka ci gaba da musu a kan taki har aka buga ƙararrawa.

Ba kowa ne ya yarda da wannan tsari ba. Wajen rabin ɗaliban suka koma cin abinci a tasha, inda kowa yake da kwanonsa, kuma an ce can zagi bai ragu ba. Amma tire bai sake kifewa a wurin Inna Saliha ba, jami'in nan ma bai dawo ba. Rumfar ta ci gaba da zama har shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, lokacin da ciwon gwiwa ya mayar da ita Banga da tirenta bakwai.