Harshen Inna Ummu Hani

A shekarar 1991, da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato, ina cikin ma'aikatan da aka kwaso aka kawo Birnin Kebbi. Iyalanmu duk suna can baya, gidaje ba su wadata ba, mu huɗu muke kwana ɗaki ɗaya a Gwadangaji, kuma babu mai dafa mana. Yunwar rana ce ta haɗa mu da Inna Ummu Hani.

'Yar Argungu ce, ɗiyar masunta. Aure ya kawo ta Birnin Kebbi, gidan wani manomin shinkafa mai gona a fadamar Zauro. Da ya rasu ba ta koma gida ba, sai ta kafa rumfar zana kusa da ofishinmu, ita da ƙanwarta Sakinatu, wadda ita ma mijinta ya rasu. Tuwon shinkafa take yi da miyar sure, wato yakuwa, ta zuba busasshen kifin da ake aiko mata daga gidansu. Ban taɓa ganin ta auna gishiri ko daddawa ba. Sai dai ta ɗiga miyar a tafin hannu, ta lasa, ta ɗan rufe ido, ta ƙara abin da ya rage. Ta san wanda ba ya son yaji da wanda ƙanzo kawai yake nema. Ni ba ta taɓa kama sunana ba, domin ɗanta na fari ma Nu'uman ne, sai dai ta ce da ni "mai sunan babba".

Shekara biyu muna cin miyar nan ba ta taɓa canjawa ba, har damanar 1993.

Hannun Inna kullum cikin ruwa yake, ga wankin shinkafa, ga wankin kwanuka. Ruwan ya ci mata tsakanin yatsu, faratanta suka yi kauri suka soma marmashewa. Abin ya dame ta, don tana gudun masu cin abincinta su ƙyamace ta. Ta je asibiti a Birnin Kebbi, aka ce irin cutar makero ce ta kama faratan, aka ba ta ƙwaya ta sha kullum har tsawon watanni. Ta yi mako uku tana sha lafiya lau.

Ana nan ta tafi Argungu sunan jikarta. A can haƙori ya tasar mata, kumatu ya kumbura. Aka kai ta wurin wani malamin asibiti, ya ce dasashi ya yi ruwa, ya ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana bakwai. Bai tambaye ta ko tana shan wani magani ba, ita kuma ba ta faɗa ba. A ganinta wancan na hannu ne, wannan na baki, me ya haɗa su?

Ranar Litinin da ta dawo, miya ta yi gishiri har harshe na zafi. Muka dubi juna, muka cinye, muka yi godiya. Talata kuma lami, babu gishirin sam. Ran Laraba na lura Inna ba ta tsayawa kan tukunya, tana zaune jikin turken rumfa ta ɗaure kai tamau da ɗankwali, in ƙamshin kifi ya buso sai ta kau da fuska. Kunya ta hana mu magana. Wa zai dubi tsabar idon uwa ya ce abincinta ya ɓaci?

Malam Kalilu ne ya yi ƙarfin hali. Ma'aikacin lafiya ne, tare muke cin tuwo kullum, kuma shi ne babba a cikinmu. Ya jira mutane suka ragu, ya matsa kusa da ita ya durƙusa.

"Inna, lahiya kuwa? Wagga miya ba hannunki ba na."

Ta share ido da bakin zane, ta ce bakinta ne ya mutu. Duk abin da ta lasa, ji take kamar ta tsotsi tsohon kwabo, har ruwan randa ɗaci yake mata. Ga tashin zuciya, ga ciwon kai, in ta miƙe ƙasa na juyawa. Sakinatu ta ce tun shekaranjiya take faɗa mata bakin mutane ne, kasuwa ta yi albarka an sa mata ido. Inna kuwa ta riga ta yanke cewa tsufa ne, har ta soma tunanin kwance rumfa, domin mai abinci da ba ta da harshe ba ta da sana'a.

Malam Kalilu ya tambaye ta ko tana shan wani magani. Ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙulli biyu. Ya karanta takardun, ya tambayi ranar da ta soma kowanne, ya yi lissafi da yatsu. Ya ce kowanne cikinsu shi kaɗai yakan iya kawo tashin zuciya da ciwon kai, na haƙorin kuma an san shi da ɓata ɗanɗano, balle ga su sun haɗu cikin jikin da ba ya samun abinci. Ya ɗaga fatar idonta ya duba ko ya yi rawaya, bai yi ba.

"To sai in zubar da su duka," in ji ta.

"A'a, Inna. Ba ke za ki yanke ba, ba ni ba. Mu tai wurin likita da ƙullin nan biyu."

Ya goya ta a babur ɗinsa, tana riƙe da ƙarfen bayan babur ɗin hannu bibbiyu, domin ba ta taɓa hawa ba. Likita ya ce ta ƙarasa na haƙori tunda saura kwana biyu, ta ajiye na farce sai ta warware, kada ta sha magani ciki wayam, kuma in ta ga ido ko fitsari ya canja launi ta komo nan da nan. Ya kuma ce duk inda ta je neman magani nan gaba, ta tafi da wanda take sha.

Jiri da tashin zuciya suka tafi cikin kwana uku, amma harshen ya ɗauki kusan mako biyu. Sakinatu ta iya tuƙa tuwo, miya ce ba ta iya ba, don haka Inna ta ɗora mana aikin. Ƙarfe goma sha ɗaya sai ɗayanmu ya sulale daga ofis, ta ɗiga masa miya a hannu ta tsare shi da ido. Ranar da na ce komai ya ji, ta ce ƙarya nake, ta ga yadda na haɗiye, in sake lasawa. Daddawa ce ta gaza. A makon nan na san bambancin miyar da ta nuna da wadda ta tafasa kawai.

Wata Asabar ta lasa da kanta, sannan ta ce da Sakinatu ta miƙo kanwa. Ba ta ƙara kiran kowa ɗanɗano ba. Ta koma kan maganin farce, bayan wata biyar faratan suka fito sababbi.

Sannu a hankali aka gina gidaje a Gesse, muka kwaso iyalanmu, zuwa rumfa ya ragu. Duk da haka ranar Alhamis mukan taru mu ci na Inna. A 2004 gwiwa ta gaza, 'ya'yanta suka mayar da ita Argungu. Na kai mata ziyara sau biyu. A ta ƙarshe na tarar da ita bakin ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa a faifai, ta tambaye ni mutanenmu ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ni na manta. Da na ce Malam Kalilu ya rasu, ta ajiye faifan ta daɗe tana yi masa addu'a. Ita ma bayan shekara guda ta bi shi. Allah Ya jiƙansu da rahama.