Moton Alkasum da Kaset ɗin Ɗan Fari

Alkasum mai gyaran rediyo, Allah Ya jiƙansa, mutum ne da bai iya yin abu a hankali ba. In ya yi sallama a unguwar Zango, sai a amsa masa a unguwar Birni. Dariyarsa kuwa, kai, ba a magana. Rumfarsa tana Zinder, a bakin tashar motoci masu zuwa Kano, cike da rediyoyin da masu su suka fid da rai, shi kuma yana tsakiya da ƙarfen narka dalma a cikin garwashi, yana yi wa kowa alkawarin gobe. Gajere ne mai faɗin ƙirji, kullum da alƙalamin bik a bayan kunne, ba don rubutu ba, don juya zaren kaset.

A shekarar tamanin da huɗu, da damina ta yi wa Damagaram ƙarya, maza suka watse daga ƙauyuka, suka yi kudu cin rani tun rani bai zo ba. Yawancinsu ba su iya wasiƙa ba, sai su yi magana a kaset su ba direba. Direbobi kuma su zo su zube a rumfar Alkasum, wai ai shi ne mai kaset. To, ga kaset, ina abin ji? Mutanen ƙauye tuni sun sayar da rediyoyinsu sun sayi hatsi. Muryoyin bayin Allah suka taru a cikin kwali, babu mai ji. Abin ya tsaya wa Alkasum a rai, har ya daina jin daɗin tuwo.

Yana da wani tsohon moto, abin nan da Kanawa ke ce wa babur, wanda ba ya tashi sai an lallashe shi. Ran nan ya tsaya ya ƙare masa kallo, ya ce, "Kai ne za ka kai su." Ya samo manyeto mai cin kaset ya ɗaure a kan tanki. Ya sa kafinta ya yi masa akwatin katako a baya, ya zaunar da batir na mota a ciki. Ya ciro lasifika biyu daga matattun rediyoyi, ya haɗa waya, ya kunna. Sai murya ta fito siririya kamar ta akuya mai mura. Alkasum ya ce ina, ba da shi ba.

Kwana uku yana gwaji. Ya sa lasifika a gwangwani, ta yi ƙarar gwangwani. Ya sa a tulu, tulu ya fashe tun kafin a fita unguwa. A rana ta huɗu idonsa ya faɗa kan manyan ƙoren matarsa Zuliha, guda biyu, na jere, waɗanda ko fura ba a damawa a ciki. Ta tafi layin ruwa a famfo, kuma kowa ya san layin ruwan Zinder, wanda ya tafi da hantsi sai azahar. Kafin ta dawo ya huda su, ya zaunar da lasifika a bakin kowace, ya liƙe da ƙaro. Da ya kunna, wallahi sai da kajin maƙwabta suka tashi sama. Murya ta fito da kauri, har a ƙirji ake jin ta.

Zuliha ta sauke tulu, ta dubi ƙorenta, ta wuce madafa. Washegari da ya fita gwaji a kan rairayi, girgiza ta sa manyeto ya tauna kaset biyu, sai ya dawo ya ɗauke matashin kanta na audugar rimi ya shimfiɗa a ƙarƙashin manyeton. Nan fa ta yi magana.

"Malam, saura tabarma da ni. Wanne za ka fara ɗaurawa?"

"Ke ai ba kya buƙatar batir," in ji shi. Ya tsira da ƙyar, muciya ta bi shi har zaure.

Wani baduku abokinsa ya rufe ƙoren da jan fata, ya sa musu tuntaye. Ranar da Alkasum ya fara ratsa kasuwar Dole da waƙa, jakai uku suka zubar da kaya, wani jandarma ya tsare shi, ya zagaya moton sau biyu yana neman dokar da aka karya, bai samu ba, daga ƙarshe ya ce a ƙara masa waƙar. Mutanen gari suka sa wa moton suna Tsawar Rani, tunda ga rugugi, babu ruwa.

Daga nan ya shiga ƙauyuka, Mirriya ran Lahadi, Guna da Dogo a tsakiyar mako, wanda ya samu ya zuba masa ɗan isansi, wato man fetur, wanda bai samu ba ya yi masa addu'a. In ya isa gari sai ya tsaya a gindin bishiyar dandali, ya ɗauki mikro ya kira sunan mai saƙo, ya kunna kaset kowa ya ji. Asiri dai babu shi. Wani ya ce wa matarsa tun da ya bar gida bai ci miyar kuka mai daɗin tata ba, gari duka ya ɗauka, aka yi wata guda ana kiran matar Mai Kuka. Mutanen da suka wuni ba su ɗora tukunya ba, sai ka gan su suna dariya har da riƙe ciki. In an gama, ya danna jan maɓalli ya ɗauki amsa, ya kai tasha.

Kaset ɗaya ne ya kusa kayar da shi, kuma har ya tsufa labarinsa yake bayarwa.

Da bazara, ruwa ya kusa, wani direba mai suna Ɗan Azumi ya zo ran Talata ya miƙa masa kaset hannu da hannu. Ya ce, "Wannan na gaggawa ne. Na Tanimu ne, ɗan Tudun Gawo, can bayan Dogo. Dako yake yi a Kano. An samar masa aiki a Ikko, motarsu Asabar za ta tashi. Ya ce in uwarsa Hajjo ta ce ya dawo, zai dawo. In bai ji komai ba, ya tafi ke nan, kuma ka san wanda ya kai bakin teku ba ya dawowa riƙe hauya. Ni Alhamis da safe zan juya."

Alkasum ya bugi ƙirji ya ce an gama. Laraba da hantsi yana Tudun Gawo. Gari ya taru, galibi mata da tsofaffi. Ya gyara murya, ya ƙure ƙara, ya ɗauki mikro.

"Ina Hajjo uwar Tanimu? Hajjo, fito ki ji ɗanki Tanimu!"

Wata tsohuwa doguwa, ramammiya, da ke tsaye a bayan taro, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ta shige gida, ta ja asabari. Sai wata tsohuwa mai baki, Shatu, maƙwabciyarta, ta taso masa.

"Kai ɗan nan, a birnin naku ba a haifi ɗan fari ba ne? Ɗan farinta ne fa! Matar da tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa kallonsa a gaban mutane ba, ita za ka kira da wannan ƙwaryar taka a tsakiyar gari? Yanzu ko sarki ya aiko ba za ta fito ba."

Kunya ta kama Alkasum har wuya. Abin haushin ma shi ne, shi kansa ɗan fari ne. Mahaifiyarsa har ta koma ga Allah ba ta kira sunansa ba, Baƙo take ce masa, in ma ta kama dole. Ya san abin nan sarai, zumuɗin ƙara ne ya mantar da shi. Ya aika Shatu da ban haƙuri, ta dawo ta ce Hajjo ta ce ita ba ta da saƙo wurin kowa. Ya ce to a kai mata manyeton cikin ɗaki ta ji ita kaɗai. Shatu ta ce ai wannan ya fi muni, gari duka zai san ta zauna musamman don ta ji shi. Rana tana tafiya, mijin Hajjo ya rasu a farkon farin, gona tana can babu mai shiga, ga ɗa zai wuce Ikko saboda bakin Alkasum.

Ya zauna a kan akwatin batir yana sosa kai da bik. Can sai ya miƙe, ya yi sallama da jama'a da ƙarfi, ya ce shi ya tafi. Ya hau moto ya bi lungun da ya wuce ta bayan gidan Hajjo. Daidai dangarta, sai moton ya yi tari ya mutu. Da hannunsa ya rufe isansi, amma wa ya gani?

"Wayyo ni Alkasum!" ya faɗa, yadda na cikin gida zai ji. "Moto ya mutu. Bari in gwada ko batir ne."

Ya zube kayan aiki a ƙasa, ya juya ƙwarya ɗaya ta fuskanci danga, ya rage ƙara, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, ya danna. Ta cikin karan danga yana jin motsin ruwa, Hajjo tana sauya wa anza ruwa, ƴaƴan dajin nan masu ɗaci da yunwa ta koya wa mutane ci. Muryar Tanimu ta fito, da ɗan tari-tari. Ya yi gaisuwa, ya yi ta'aziyyar mahaifinsa. Motsin ruwa ya tsaya cak.

"Na san kunya," in ji muryar, "ban ce a kira sunana ba. Amma an ce mini a ƙasarmu duka babu iri, an cinye. In babu iri, me zan zo in shuka? In kuma ana bukatata, kalma ɗaya ta isa. In ban ji ba, na san ba a bukata."

Kaset ya ƙare. Alkasum yana ta buga sifana a jikin ƙarfe, wai gyara. Sai ya ji muryar Hajjo a ciki, tana yi wa Shatu magana ta kan danga.

"Shatu, abin can da ya lalace a bayan dangata, baki kawai gare shi, ko yana da kunne?"

Shatu ta ce, "An ce in an danna masa ja yana ji."

Ai kafin ta rufe baki Alkasum ya sa sabon kaset, ya danna ja, ya ɗaura mikro a kan kara ya jingina da danga. Hajjo ba ta matso ba. Akuyarta ɗaya da ta rage ta kama yi wa faɗa.

"Ke akuya, tashi daga nan, marar hankali. Kin ji mutane wai babu iri. Su suka sani. Ni a ƙarƙashin gadona akwai tulu biyu, na liƙe bakinsu da laka da toka. Gero ne, zaɓaɓɓen kai, mai gidan nan ya ware da hannunsa kafin ya kwanta. Shekara guda ina kwana a kansa ina cin anza. Ba don ɓera na ajiye ba. Abin yana da mai shi. In mai shi ya ga bakin teku ya fi masa, ya tafi, ni dai ba zan fasa wa kowa ba." Alkasum ya kai hannu zai kashe. Sai ta ƙara, a hankali, "Kuma mai tari ba ya kwana a waje ba bargo. Na ji ana tari a cikin ƙwaryar nan."

Alkasum, mutumin da ko jana'iza sai an ce masa ya rage murya, ya tsinci kansa yana share ido da gefen rawani. Ya buɗe isansi, moto ya tashi bugu ɗaya, har Shatu ta ce lallai gyaran ya yi kyau. Bai amince da akwati ba, a aljihun ƙirji ya sa kaset ɗin har Zinder. Alhamis tun Ɗan Azumi bai gama ɗaure kaya ba ya damƙa masa, ya ce in ya ɓatar, kada ya sake biyowa ta tashar nan.

Asabar ta wuce, Lahadi ta wuce, babu labari. Zuliha ta ce kwana biyun nan ta huta, gidan ya yi shiru kamar ba shi a ciki. Ran Talata da rana yana cikin rumfa sai ga wani dogon mutum da ƙunshin kaya a kafaɗa, yana ɗan tari, yana tambayar mai Tsawar Rani. Alkasum ya yi wata kururuwa da ta sa mai shayi ya zubar da kofi. Bai ko rufe rumfa ba, ya ɗora Tanimu a kan akwatin batir suka kama hanyar Dogo, waƙa tana tashi, jakai suna ba su hanya. Amma da suka hango Tudun Gawo ya kashe manyeto da kansa, suka shiga gari ba kiɗa.

Suka yi sallama. Hajjo tana zaune a tsakar gida, ta ba ƙofa baya, tana tsince anza a faifai. Tanimu ya durƙusa nesa da ita ya yi gaisuwa. Ba ta juyo ba. Ta ci gaba da tsincewa, amma anza na ta zuba a ƙasa.

"Shatu," ta ce, "ki tambayi baƙon nan ko ya ci abinci."

Shatu ta ce, "Haba Hajjo, ga shi nan a bayanki. Ki juya ki gan shi mana."

"Na gan shi tun yana gindin gawo," in ji Hajjo. "Ya rame."