Shekarar da Baba ya yi baƙi

Har yau in na ji ƙarar ɓallo ƙwayar magani daga katinta, sai zauren gidanmu na Ƙofar Sauri ya dawo mini, da ƙamshin sabuwar shadda, da Baba zaune a kan buzu. Ɗinkin hannu ne sana'arsa, aikin wuyan babbar riga. Shekarar da soja suka miƙa mulki, kaki ya koma bariki, ko kansila mutum ya ci sai ya nemi babbar riga. Aiki ya yi wa Baba yawa, har abincin ranarsa kan huce a gefensa.

Ana cikin wannan buɗi, a tsakiyar bazara, allura ta shige masa yatsa bai ji ba. Jini kawai ya gani a kan farar shadda. Inna ta tuna masa da wani tabo mai haske a gadon bayansa, wanda ta daɗe tana shafa wa man kaɗe. A asibiti aka goga wa tabon auduga, bai san an taɓa shi ba. Kuturta ce.

Nas ɗin da ta duba shi, mutuniyar Filato, ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce wanda ya fara shan maganin ba ya shafa wa kowa, kuma in ya jure har ƙarshe yatsunsa za su tsira. Sai dai fitsarinsa zai riƙa yin ja, fatarsa kuma za ta yi duhu har sai bayan ya gama. In ya yanke a hanya, ciwon zai ci gaba da cin jijiyar hannu.

To, Baba fari ne sol, irin wanda ake hangowa daga ƙarshen sahu. Kafin damina ta yi nisa ya rine, wani baƙi mai ja-ja kamar gindin tukunyar ƙasa. Fitsari dai ba mai gani, amma ina za ka kai fuska? Unguwa ta ɗauka, masu cewa sammu ne, masu cewa hanta. Ina firamare lokacin, na sha dambe a kan maganar nan, kuma ko yau aka maimaita zan sake.

Baffa, yayan Baba, ya zo da shawara.

"Ka aje maganin nan tukuna, har rububin aikin ga shi wuce. In mutane suka gane, wa za shi ba ka rigarshi?"

Baba ya ce, "Yaya, in na aje shi rigar za ta zo, amma da mi zan riƙe allurar?"

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, zaure cike, wani Alhaji da ya kawo aiki ya gama gaisuwa ya ce, "Malam, lahiya kuwa? Mi ya maida kai haka?" A gabana aka yi. Baba ya zaro katin maganin daga aljihu ya ajiye a kan tabarma.

"Kuturta ce, Alhaji. Magani nike sha, shi ya rina ni. Likita sun ce ba ni shafa ma kowa. Wanda ranshi bai kwanta ba, ga yadinshi nan, wallahi ba ni jin haushi."

Alhajin ya ɗauki yadinsa da bakin yatsu biyu ya fita. Wasu suka bi shi, wasu suka gyara zama. Mun ji jiki a shekarar, miyarmu ta manta da nama. Amma daga ranar a zaure Baba yake ɓallo maganinsa kowace safiya, a gaban duk mai wucewa. Ban taɓa jin girman mahaifina kamar a watannin da ya fi kowa muni a layinmu ba.

Ya gama maganin, farinsa ya dawo a hankali, masu riguna ma suka dawo suna sunkuyar da kai.

Yanzu inji ke yin wuyan riga, ciwon ma da wuya ka ji labarinsa. Abin da bai canza ba shi ne kunya, har yau ina ganin masu ɓoye magani a ƙarƙashin katifa, su yar da shi da zarar ya nuna a jiki. Baba ya yi ɗinki har ido ya gaza, hannu bai gaza ba. Ranar da ya rasu Baffa ne ya yi masa wanka. Ya fito yana share fuska da hularsa, ya tsaya a gabana ya ce, "Da ya bi tawa, ba da hannuwan nan za mu kai shi ba."