Akwatin Kyaftin

Tartsatsi ake ce masa, ba don zafin rai ba, sai don shekara talatin yana walda har rigunansa duk sun koma rariya. Ƙofa, taga, gadon ƙarfe, ƙafar kujerar da wani mai teɓa ya karya, duk aikinsa ne. Amma in ka tambayi mutanen layin, cewa za su yi shi ne ya ƙera jirgin nan na talabijin.

Jirgi na Tara ake kiran shirin. Mutum bakwai ne a cikin kumbo suna neman wata duniya saboda tasu ta ƙone, shugabarsu wata doguwa mai tabo a gira, Kyaftin. Duk Asabar da yamma layin kan yi tsit, har mai faci kan bar taya a ruwa ya tafi kallo. Kujerun jirgin da ƙofarsa mai buɗe kanta, Tartsatsi ne ya haɗa su da tsofaffin bututu. Ƙarti biyu ke jan ƙofar da igiya ta baya, amma wannan bai taɓa fita daga bakinsa ba.

A kashi na goma sha uku Kyaftin ta fita gyaran jirgi, igiyarta ta tsinke, ta lula cikin duhu. Asabar ta gaba kowa ya gyara zama, sai ga wani mai kwat yana koyar da kiwon kaji. Gidan talabijin ya soke shirin, ko a ce a yi haƙuri.

Ga abin da layin bai sani ba. Mako biyu kafin nan, daraktan shirin ya kawo wa Tartsatsi zanen wani akwatin ƙarfe, tsawon mutum, da gilashi daidai fuska. Ya ce awon Kyaftin ne, na kashi na goma sha huɗu, kada kowa ya gani. Tartsatsi ya ƙera, ya ja da baya ya duba. Akwatin gawa ne. Babu wanda ya zo ɗauka, sai ya tura shi ƙuryar shago, ya rufe da tamfol, ya jibga tsofaffin ƙarafa a kai.

Matsalar ita ce amininsa mai aski, wanda shagonsa ke kallon nasa. Mutumin nan ya ɗauki Kyaftin kamar 'yar ɗakinsu. Shekara goma sha tara, duk kan da ya shiga hannunsa sai ya sha bayanin yadda ta tsira, har 'yarsa ta fari Kyaftin yake kiranta.

"Kai da ka yi musu aiki, faɗa wa mutanen nan! Ta mutu?" mai aski kan ce.

"Ni ƙarfe na sani," Tartsatsi kan ce, ya sunkuyar da kai a yi masa ƙeya.

Bai iya ƙarya ba, kuma bai ga ta inda zai fara yi wa mai aski ta'aziyya ba.

Bana mai ginin ya ce zai rushe shagon, a kwashe kaya zuwa Alhamis. Babu yadda akwati mai tsawon mutum zai hau mota da rana tsaka mai aski bai leƙa ba. Ranar Alhamis da hantsi Tartsatsi ya tura ƙofa, ya yaye tamfol, ya kunna injin yanka. Ya raba murfin biyu ke nan uwargida ta shigo da kwanon abinci.

"Baban yara, me akwatin baiwar Allah ya yi maka?"

Ya kashe inji. "Kin san da shi?"

"A ina kake zato nake ɓoye sababbin tukwane in ƙanwarka za ta zo?"

"To kin san Kyaftin ta mutu, kika yi shiru?"

"Wa ya kashe ta? Kai?" Ta ajiye kwano, ta sa yatsa a gefen akwatin. "Waɗannan ramukan fa?"

"Suna cikin zane. Ado ne."

"Ado a saitin hanci? Ga mariƙi ta ciki kuma. Gawa ce za ta buɗe wa kanta ƙofa? Gadon jinya ne, malam, cetota za su yi su kwantar. Ni tun ina goyon auta na gane."

Tartsatsi ya durƙusa. Ramuka goma sha biyu, shi ya huda su da hannunsa. Mariƙin ma sai da ya sake shi sau biyu, don darakta ya ce ya yi tauri.

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Ka tambaye ni? Kai da ko gishiri ya yi yawa sai bayan kwana uku kake magana."

Mai mota ya danna hon a waje. Tartsatsi ya leƙa ya ce ya ba shi awa ɗaya, ya jawo wayar walda, ya liƙe murfin da ya yanka. Ɗinkin bai yi kyau ba. Da ya gama ya wangale ƙofar shagon duka biyu, ya ƙwala kira zuwa tsallaken titi.

"Mai aski! Ajiye kan mutane ka zo!"

"Lafiya, mutumina?"

"Zo ka kwanta a nan in rufe ka, ka gaya mini ko kana shan iska."